Dardumar Kansila a Wurina

Unguwar Sanusi, Kaduna

Zuwa ga ƙanena Isa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Rabi da yara. Yaya zafin Maiduguri? Ni dai da sauƙi, sai gwiwoyin nan.

Ka san wurina a masallacinmu, ƙarshen sahun gaba, inda nake dafa bango in miƙe. To, da soja suka sauka, maƙwabcina Garba ya zama kansila, ya sa mana kafet da fanka. Fankar kuwa saitin wurina aka kafa ta. Ranar Laraba da La'asar na tarar ladan, Malam Sule, ya shimfiɗa dardumar Garba a nan, Garban bai ma iso ba.

Na ce, "Malam Sule, yaushe darduma ta fara bin jam'i?"

Ya ce, "Haba Baba, a yi haƙuri. Mutumin nan Allah ne ya ɗaukaka shi."

Na ce, "Ni kuma wa ya raya ni har yau?"

Yanzu masallacin cike yake da masu takardar neman aiki a aljihu, duk don Garba suke zuwa. A tsakiyarsu na yi sujada na kasa tashi don babu bangon dafawa, na ƙarasa a zaune. Ana sallamewa suka bi Garba waje, har da ladan. Da rarrafe na kai bango.

Ba zan daina zuwa ba, ai ba wurin Garba nake zuwa ba. Ka aiko mini da sanda mai ƙwari. Ka sa ni a addu'a, Allah ya ba ni ikon riƙe bakina. Ka gai da mutanen gida duka.

Yayanka,
Malam Habu