Furar Iya Hajo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ɗiyarki ce Rabi daga Dogon Dutsi.

Kin tafi ba ki san zan kamu da ciwon sukari ba, bara aka gano shi. Likita ya ce in rage tuwo, in yawaita zogale da wake, in riƙa taka ƙasa da safe, in duba ƙafafuna kullum ko da ɗan rauni. Fura mai sukari kuwa ya ce in manta da ita. Duk ina kiyayewa, Inna, har na fara mayar da jiki. Abin da ya gagare ni shi ne buɗe baki in faɗa wa mutane. Lokacin da na rame an sha surutu a unguwa, wasu suka ce iska ce ta taɓa ni, wasu suka faɗi abin da ya fi haka muni. Sai na ja bakina na yi gum, maigidana kaɗai ya sani.

Kin san Iya Hajo, aminiyarki ta Matankari, wadda kika kai ni yaye gidanta. Tun rasuwarki, duk ranar kasuwa sai ta biyo da fura. Ita ke dakawa da hannun nan nata mai rawa, ta dama da nono, ta zabga sukari don ta san ni da kwaɗayin zaƙi. Nakan karɓa in ce sai an jima, in ta tafi yara su shanye.

Ran nan sai ta ce a gabanta zan sha. Ta zauna, ta miƙo ƙwarya. Ga shi da safen an auna ni, sukarin ya hau. Na ce na ƙoshi. Ta ce ko ludayi ɗaya. Na ce cikina ne ba daɗi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki ludayin ta sha, ta ƙara sha, ta ce, "Kin gani, ɗiyata, ban sa komi ba."

Wallahi, Inna, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki, yau ita ce ke ɗanɗana fura don in yarda ba sammu ta yi mini ba. Kuma ko a nan ban faɗa ba, don maƙwabta na zaune a tsakar gida suna tsintar wake.

Ranar kasuwar da ta biyo baya Iya ba ta zo ba. Ɗan kabu-kabu ta aiko da hatsi ƙulle a zane, ko surfe ba a yi ba, da saƙon wai in daka da hannuna, hankalina zai fi kwanciya. Hatsin na nan a ɗaki, na kasa kwance ƙullin.

Gobe zan shiga motar Matankari. Zan durƙusa in faɗa mata sunan ciwon, ko da dukan unguwarsu na saurare. In ta yarda, zan roƙe ta ta dama mini kaɗan ba sukari, in sha daga hannunta. In kuwa ta juya mini baya, Inna, ban san wa zan ƙara kira Iya ba.

Allah ya jiƙan ki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya sanyaya zuciyar Iya Hajo kafin in isa, ni kuma ya ba ni lafiya, ya kwance mini harshe.

Taki mai kewarki,
Rabi