Babin da Baba Ya Yanke

Argungu,
9 ga Janairu, 1985.

Zuwa ga Yaya Kalilu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya karatu, yaya mutanen Birnin Kebbi? Mu ma lafiya lau, sai dai abin da ba a rasa ba.

Littafin kiwon lafiyar da ka aiko ya iso, har da saƙonka cewa a karanta shi gaban kowa. Ka san al'adar gidanmu, bayan la'asar ni nake karatu, Baba yana ɗinkin homarsa ta kamun kifi, Inna tana tsince shinkafa. Haka muka yi ta tafiya har muka kai babin mata-maza. Na fara da ƙarfina, har ina shirin dariya. Sai na ji ana maganar yarinyar da ta girma ba ta ga al'ada ba, ƙirjinta bai fito ba, muryarta ta buɗe. Ai kuwa da wannan muryar nake karantawa. Inna ta tashi ta bar faifanta, kaji suka samu. Baba ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Ƙetare wurin ga, ɗiyata."

A nan na gane kowa ya sani tun ranar da aka haife ni, har da kai. Shekarata goma sha bakwai, har yau ana ce mini jinkirin girma ne, ana ɗura mini jiƙo. Kai kuma, malamin boko, ka rasa bakin gaya mini, ka bar ni na yi wa kaina shela a tsakar gida. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Littafin ya ce likita yana iya dubawa ya yi bayani. Don Allah ka zo ka kai ni asibiti Sakkwato, Baba yana jin maganarka.

Ƙanwarka,
Ma'u.

Argungu,
2 ga Fabrairu, 1985.

Yaya Kalilu,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarka ta iso, na ga jarrabawa ta tsare ka, na ga kuma ka ce in yi haƙuri. Allah ya ba da sa'a.

Baba ya sa wuƙar gyaran kifi ya yanke babin. Yanzu autanmu Hodi ke karatun la'asar, yana yi yana tuntuɓe. Da ya zo wurin ya wuce abinsa. Ni kuwa an ce ranar Juma'a zan koma Augie wurin Goggo Baiwa in taya ta aikin albasa, wai kafin maƙwabta su fara magana. Ba a faɗi ranar dawowa ba.

Kada ka ƙara aiko littafi, ba zan kasance nan in karanta ba. Babin dai na haddace shi kafin wuƙa ta kai gare shi. Shi kaɗai ya taɓa gaya mini gaskiya a gidan nan, ga shi har ya riga ni fita.

Ka huta lafiya.
Ma'u.