Dutsen da Ya Faɗo a Gonar Inna

Haɗeja, 3 ga Satumba

Yaya Modu,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya Zariya? Wayata ta tafi a ambaliya, shi ya sa na ba Safiyanu direban motar kifi takardar nan.

Inna ta daina zuwa wankin ƙoda. Wani baƙin dutse ne ya faɗo daga sama cikin gonarmu ta shinkafa. Maƙwabta suka zuba masa madara yadda ake yi wa wurin da aradu ta faɗa, Inna ta sa aka kawo mata shi. Yanzu a randa yake, ruwansa take sha, wai akwai rai a cikinsa, Allah ya aiko mata magani har gida. Ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Na yi kuka har na gaji. Ta ce in kai da ka karanci halittu ka rantse babu abu mai rai a cikin dutsen, za ta koma asibiti. Don Allah rubuto rantsuwar yau.

Ƙanwarka,
Bara'atu

Zariya, 6 ga Satumba

Bara'atu,

Wa'alaikumus salam. Ki gaida Inna da jiki.

Madara kuka zuba! Kin san abin da kuka lalata? Duk mai rai a duniyar nan, daga tarwaɗa zuwa ciyawar kacalla zuwa ni da ke, da sinadari iri ɗaya aka rubuta ƙwayoyin halittarsa. Babu wanda ya san ko akwai rai a wata duniya, balle ko irin namu ne. In ma akwai, wataƙila jikinmu ba zai gane shi ba, balle ya warkar da ƙoda.

Amma ba zan rantse da Allah a kan abin da ban gwada ba. Ki ɓallo mini kaɗan, ki ba Safiyanu. Ki lallaɓa ta kafin sakamako ya fito.

Yayanki,
Modu

Haɗeja, 14 ga Satumba

Yaya,

Sallama. Ɓarin dutsen ya iso maka tuntuni, kai kuma shiru.

Na karanta mata takardarka. Da ta ji "babu wanda ya san", sai ta yi murmushi ta ce, "Kin ji ko? Modu ma bai ce babu ba." Ka ƙara mata ƙarfin gwiwa ke nan. Yanzu ko kunu ba ya zama a cikinta. A zaune take barci don numfashi, dutsen na tafin hannunta tana murza shi kamar carbi.

Ni ban damu da wata duniya ba, Yaya, uwata nake so a wannan. Ka rantse ko da ƙarya ne, ni zan yi maka azumin kaffara. Tsoro nake ji, kuma haushinka nake ji.

Bara'atu

Zariya, 20 ga Satumba

Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini, rashin wuta ne ya tsayar da na'urar gwaji.

Sakamako ya fito. Cikin dutsen babu alamar rai ko ɗaya. A bayansa na sami ƙwayoyin halittar saniya, madarar nan ce. Na kuma sami na mutum, na gwada da nawa, rabinsa iri ɗaya ne. Na Inna ne, gumin hannunta.

Ki karanta mata: Inna, na rantse da Allah babu rai a dutsen nan sai naki. Ina tafe Juma'a da mota, mu wuce asibiti.

Yayanki,
Modu

Haɗeja, 22 ga Satumba

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta zo ana ta karɓar gaisuwa. Inna ta rasu jiya da hantsi, an kai ta bayan azahar. Har ƙarshe tana tambaya ko ka rubuto.

Ba sai ka zo da mota ba. Amma ka taho mini da ɓarin dutsen nan, kada ka wanke shi.

Allah ya jiƙanta.

Bara'atu