Ni Ne Idon Yayana, Ni Kuma Na Tona Masa Asiri

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Tun daga farko ina so ku sani ni ne mai laifi, ban zo neman wanda zai wanke ni ba. Roƙona kawai ku ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da zan sha a wurinku bai kai wanda nake yi wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min.

Ni tela ne a Yamai. Asalinmu ƴan Damagaram ne, ina aiki a shagon yayana a unguwar Talladjé. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni ne autan gidanmu. Shi ya ɗauko ni daga gida da na bar lakwal, wato makaranta, shi ya koya min riƙon almakashi, shi ya yi min aure. Sunansa ya yi nisa a ɗinkin mata. Duk wani defile da za a yi a garin nan, wato bikin nuna kayan ado, in ba a ga ɗinkinsa ba sai an tambayi ko lafiya. Abin da aka fi yabonsa a kai shi ne haɗa launi. Zai ɗora ruwan goro a kan shuɗi, ka rantse ba za su zauna tare ba, sai mace ta sa ta fito kowa ya juya.

Abin da ba wanda ya sani sai ni da matarsa shi ne, idon Yaya yana mutuwa. Likita ya ce jijiyar ce, magani ba zai dawo da abin da ya tafi ba, sai dai ya rage gudun abin. Hannunsa yana nan yadda yake, yanka da awo ba ya kuskure, amma launi ya fara guje masa. Shuɗi mai duhu da baƙi da kore mai duhu duk ɗaya suke a wurinsa. Sai muka yi wata dabara. In mace ta miƙo yadi, sai ya karɓa ya kai shi kusa da kunnensa, ya lumshe ido, ya ce, "Bari yadi ya yi magana." Ni kuma daga kan kekena sai in ce, "Kai Hajiya, wannan koren naki a ina kika samo shi?" Shi ke nan, ya ji. Sai ya buɗe ido ya ce, "Koren nan ruwan zuma yake nema." Mata suna son abin ƙwarai, sun ɗauka salon gwanaye ne. Har wasu sukan ce, "Metir, saurara min nawa," don Metir suke kiransa, wato oga.

To me ya kai ni? Hassada, ba ta da wani suna. Wata rana wata Hajiya ƴar unguwar Harobanda, wadda ta daɗe tana kawo mana ɗinki, ta zo karɓar kaya. Ni na zaɓi launin, ni na zaɓi zaren, ni na yi surfanin. Ta ɗaga rigar ta ce, "Metir, idonka ba irin na mutane ba ne." Yaya ya yi murmushi ya ce, "Baiwa ce, Hajiya." Ina zaune a wurin. Ko juyowa bai yi ba. Yanzu na san ba yadda za a yi ya juyo, in ya ce ni ne ai ya tona kansa. Amma a lokacin zuciyata ba ta gaya min haka ba.

Da yamma na tafi fadarmu inda muke shan shayi. A cikinmu akwai wani abokina, bari in kira shi Sani, yana cikin wata ƙungiyar tiyatir, shi ke rubuta musu wasa. Ya ce suna shirya wasan barkwanci a kan masu harkar kayan ado, yana neman labarai. Sauran mutane sun tashi salla, saura ni da shi. Sai na ɗauki tsumman da muke riƙe butar shayi da shi, na kai kunne, na lumshe ido, na yi muryar Yaya. Na gaya masa komai. Sani ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Na ce, "Kai, tsakaninmu fa." Ya ce, "Haba Auta, wa zan gaya wa?" Wallahi na ji daɗin dariyar nan tasa. Ku ji irin mutumin da yake rubuto muku.

Na manta da zancen har aka fara nuna wasan. Ba zan faɗi sunansa ba, duk wanda yake Yamai ya ji labarinsa. Na tafi ni kaɗai ranar wata Asabar bayan la'asar. Wuri ya cika da teloli da ƴan mata masu tallan kaya a defile da Hajiyoyi. Mutanen wasan suna da yawa, kowa da irin abin kunyarsa. Ga wata mai zanen kaya da take sayen gwanjo ta cire masa alama ta ce daga Dubai. Ga ƴar tallan kaya da yunwa ta kayar a tsakiyar tafiya, ta farfaɗo tana tambayar ko an ɗauke ta hoto. Ga tela mai rantsuwa da cewa gobe kaya za su fito, alhali yadin yana jikin matarsa. Abin da na lura da shi, mutane ba dariya kawai suke yi ba, farauta suke yi. Duk wanda ya fito sai ka ji ana zungurin juna, "Wannan ai wance ce." "A'a, wane ne na bayan kasuwar Petit Marché." Wanda aka taɓo kuma sai ya fi kowa ɗaga murya da dariya don kada a dube shi. Ni ma ina ciki, ina ta tafi.

Sai ga wani ya fito da tef ɗin awo a wuya, hula a karkace, tabarau a goshi. Na gane Yaya ake kwaikwayo tun kafin ya buɗe baki. Aka miƙo masa yadi, ya kai kunne. Wani ma'aikacinsa da ya ɓuya a ƙarƙashin tebur yana raɗa masa launi. Can sai cikin na ƙarƙashin teburin ya murɗa, ya rarrafa ya gudu bayi, aka bar Metir tsaye da yadi a kunne, yana jira, yana gumi. Daga ƙarshe ya ce wa mai kayan, "Madam, yadin nan naki Zabarmanci yake yi, ba na ji." Wurin ya kece. Na ga wata mata tana share hawaye da bakin gyalenta. Na ji wata a bayana ta ce, "Tsaya, tsaya, wannan maganar na san ta." Ƙawarta ta ce, "Kar dai ki ce na Talladjé?" Sai suka koma raɗa. Raɗar nan ta fi dariyar ba ni tsoro.

Na tare Sani a bayan dandamali. Na ce ya cire wurin nan don girman Allah. Ya ce, "In cire me? Nan ne mutane ke faɗowa daga kujera. Ai ban faɗi suna ba." Na ce, "Ka saka maganarsa, ka saka hularsa, wane suna kuma ya rage?" Ya dafa kafaɗata ya ce, "Auta, ni fa ban shiga shagonku ba. Wa ya kawo min?"

Daga nan abubuwa suka fara canzawa a shago. Ba wanda ya zo ya yi faɗa, da ma faɗan aka yi. Mata suka fara zuwa biyu-biyu, ɗaya ta tsaya daidai tsakanina da Yaya tana jana da hira, ɗayar ta miƙa masa yadi ta ce, "Metir, wane launi ne wannan a ganinka?" Wata ta kawo ƙyalle biyu, ɗaya baƙi ɗaya shuɗi, ta ce wanne ya fi haske. Ba ɗinki ya kawo su ba, gwaji suka zo yi. Ni kuma in ta tari, in ta kayar da almakashi, in ta cusa launi a cikin maganar da ba ta da kai. Na je sayen nama a Petit Marché na ji wani mahauci ya ɗaga cinyar rago ya kai kunne, ya ce wa mai saye, "Bari nama ya yi magana." Mutanen wurin suka fashe da dariya. Yaya bai san komai ba tukuna. Ya ce min, "Auta, mata sun yi yawan tambaya kwanan nan. Ko dai hannuna ya fara sauka ne?"

Sai ranar da ya ce shi ma zai je ya ga wasan, tunda duk teloli sun gani. Na ce ba shi da daɗi. Na ce zafi ya yi yawa a wurin. Ya ce, "Ka zauna kusa da ni kawai, abin da ban hango ba ka gaya min." Jama'a, da hannuna na riƙe shi na ratsa da shi cikin mutane na zaunar da shi. Da farko ya yi dariya sosai, rabona da in ji dariyarsa haka na manta. Yana ta tambaya, "Me ta sa? Me ya faɗo?" ina gaya masa. Da mai hula a karkace ya fito mutane suka hau ihu tun bai yi komai ba. Yaya ya ce, "Wa ya shigo?" Na ce, "Wani tela ne." Ya ce, "Yaya kamanninsa?" Na ce, "Kamar kowa." Mai wasan ya ɗaga yadi, kafin ya buɗe baki duk wurin suka faɗa masa da murya ɗaya, "Bari yadi ya yi magana!"

Hannun Yaya yana kan gwiwata. Na ji ya yi nauyi. Kawuna suka fara juyowa, layin gabanmu, sannan na gefe, wasu har da ɗaga salula. Shi ba ya ganinsu, ni nake gani. Ya matso da bakinsa kunnena ya ce, "Suna kallona?" Na ce, "A'a, Yaya." Ya ɗauke hannunsa daga gwiwata. Sannan ya ce, "To." Ya zauna har aka gama, har ya tafa.

Ban faɗa masa ba a ranar, ban faɗa ba washegari. Ina jira ko ƙasa za ta tsage. Sai matarsa ta zo shago lokacin da ya tafi masallaci, idonta ya kumbura. Ta ce, "Auta, yayanka ya daina cin abincina. Ya ce mu biyu muka sani, kuma kai jininsa ne, ba za ka yi masa haka ba. Wallahi ko mahaifiyata ban gaya wa ba." Matar nan ita take ɗiga masa magani a ido safe da yamma. Na ce, "Tanti, ki koma gida, yau zai ci."

Da ya dawo na tura ƙofar shago, na durƙusa a gaban teburin yanka. Na ce, "Yaya, ba Tanti ba ce, ni ne. Ni na gaya wa Sani, ni na kwaikwayi muryarka, na kuma yi dariya. Ba wanda ya tilasta min, baƙin cikin yabon da ake yi maka ne. A wurin wasan ma ƙarya na yi maka, suna kallonka. Ka ɗauke ni ba ni da komai ka mai da ni mutum, na saka maka da wannan. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ka yafe min don Allah."

Bai daka min tsawa ba, bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya ce, "Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Aikinka yana nan, kekenka yana nan. Amma daga yau kada ka sake gaya min launin komai. Na rantse da Allah, ranar da ka sake, ranar za ka bar shagon nan. Bakin da ya ce min ba a kallona, ban san me kuma ya taɓa ce min ba."

Ga inda nake yanzu. Hajiyar nan ta Harobanda, ita kaɗai ce a cikin manyan masu kawo mana ɗinki ba ta zo gwaji ba. Ta kawo kayan bikin ƴarta, leshi shuɗi mai duhu, ta ce a gaban mutane ita ba ta yarda da surutun ƴan wasa ba, Metir da kansa zai ɗinka. Yaya ya hana ni taɓawa. Jiya ina kallo ya laluba kan kantar yadi, ya jawo ragowar wani leshi kore na wata mata daban, irin saƙarsu ɗaya, ya yanka hannuwan rigar amarya da shi. Yau ya haɗa su. Ɗinkin ya yi kyau, ba ƙarya, ko zare ɗaya bai kauce ba. Jiki shuɗi, hannu kore. Ya rataye ta a gaban shago yana shafawa. Jibi Hajiya za ta zo karɓa, kuma ta ce da ƙawayenta za ta zo don su gani da idonsu su ji kunya.

In na yi magana, ya rantse, kuma na san shi, ba ya karya rantsuwa. In na tafi wa zai tsaya masa? In na faki idonsa na farke na gyara, na sake yaudararsa ke nan, kuma yatsunsa sun san ɗinkina da nasa. In na yi shiru, jibi abin da aka yi a kan dandamali zai faru a cikin shagonmu, kuma wannan karon ba wasa ba ne. Don Allah ku gaya min, me zan yi?