Ludayin Inno

Safana, Agusta 1976

Yaya Salmanu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya karatu, yaya sanyin Ingila? Mu lafiya lau, gero ya fara fitar da kai.

Ka ce fim ɗin da na ɗauko maka da kyamarar da ka aiko sai rawa yake, har ba ka gane fuskar Inno ba. To laifin wa? Kai ne ɗan fari. Ko sunanka ba ta faɗi, balle ta zauna a ɗauke ta dominka. Dole na bi ta a guje tana tafiya tallan nono, ka kuwa san saurinta. Ga shi fim ɗaya ya rage, kai kuma shekara uku rabonka da ganinta.

Amma na samo dabara. Na kai wa Barau maƙeri kan tsohon kekenka da boris ɗin ƙafarsa, wato ƙwallayen ƙarfen da ke sa ta juyawa sumul, da guntun bututun famfo. Ya ɗaura kyamara a sama, muka rataya dutsen gugar Baba a ƙasa don nauyi. Barau ya yi ta dariya har da hawaye, wai tarkon gafiya na ƙera. Na ɗora kofin ruwa a kai na zagaya maƙera, bai zube ba. Sai ga shi yana cewa ai tunaninsa ne.

Ka yafe keken. Ƙanenka,
Daudu

Safana, Satumba 1976

Yaya Salmanu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, albishirinka!

Ranar kasuwa na bi Inno tun daga ƙauyen Tsaskiya, yara na ta yi mini ihu. Ta yi kamar ba ta gan ni ba, amma zanen da ka aiko, wanda ta ce ba ta so, shi ta ɗaura. A bakin rafi sai ta tsaya, ta sauke ƙwarya, ta dama fura. Ta cika ludayi ta miƙo wa kyamara, kanta a sunkuye, ta ce in kai wa wancan.

Yaya, wallahi jikina ya yi ta ɓari, ina dariya ina hawaye, amma dutsen gugar Baba bai motsa ba.

Ga fim nan tafe. Furar dai na shanye maka.

Naka,
Daudu