Baba Ya Ce In Mayar Masa Da Muryarsa

Salama gare ku 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma mai niyyar zagi ya daure ya kai ƙarshe tukuna, na san mafi yawanku Musulmi ne, shi ya sa ma na kawo maganar nan.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Tsarnawa, ina gyaran babura a Konni. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na zama Kirista, ɗan Katolika. Mahaifina shi ne limamin masallacin unguwarmu, a gabansa na yi karatun allo kafin a sa ni lakwal, wato makarantar boko. Da na sauya addini ya yi shekara biyu bai amsa gaisuwata ba, daga baya muka shirya a kan sharaɗi ɗaya, in yi abina shiru, kada ƙauye ya ji.

A cocinmu yawanci baƙi ne 'yan Benin da Togo, da Faransanci ake sujada. Amma akwai tsofaffin mata biyar da ba sa jin ko kalma ɗaya, sai Monper, wato limamin cocin, ya sa ni in riƙa tashi ina karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa kowace Lahadi. Matsalar ita ce ni ban iya karatu da ƙarfi ba sai da kira'ar Baba. Yana da wani irin jan murya a ƙarshen aya, ya ɗaga ta sannan ya sauke a hankali, duk yankinmu an san shi da ita. Wallahi ban taɓa lura ina yin haka ba. Tsofaffin nan kuwa har kuka suke yi, ni kuma kaina ya yi ta kumbura, wannan laifina ne ban musa ba.

Wata biyu da suka wuce wani ya ɗauki karatuna a waya, da kyakkyawar niyya, ya tura a WhatsApp. Babu hoto babu suna, amma yana isa ƙauyenmu aka gane ni ne. Wasu ma da farko cewa suka yi Liman ne da kansa ke karatun coci. Mutane suka fara janye jiki daga bin sa salla, ranar da ya waiwaya ya ga mutum uku kacal a bayansa ya ajiye limancin da ya yi shekara talatin yana yi. Bayan mako guda hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Na je duba shi, yayana ya tare ni a zaure ya ce ni na kashe tsoho, saura binnewa. Na ce ban tura wa kowa komai ba, ya ce ai bakina ya tura. Inna ce ta shigar da ni. Baba bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da ƙyar maganar ke fita, ya ce, "Addini kai da Allah, ban hana ka ba. Amma muryag ga tawa ta, ni na ba ka ita. Maido min abina kahin in tahi."

Na dawo na gwada karatu a miƙe kamar mai labarai a rediyo, na yi ta tuntuɓe, layi uku kira'ar ta dawo da kanta. Sai na daina tashi. Lahadi uku babu karatun Hausa. Ɗaya daga cikin tsofaffin, mai shigowa a amalanke daga wajen gari, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, zama kawai mukai mu koma gida, ba mu jin komi." Monper ya ce ba zai tilasta ni ba, amma ya nema bai samu wani mai karanta Hausa ba.

Jiya ya miƙo mini takardar karatun Lahadi mai zuwa, ya ce in duba in yanke shawara. Na buɗe, ashe a kan girmama uba ne, a kula da shi in ya tsufa, kada a ɓata masa rai muddin yana raye. Na zauna a gareji na kasa ɗaga ko sifana. Inna kuma ta aiko cewa Baba ya daina cin abinci, kuma kowace Lahadi da yamma yana tambayarta ko na yi karatu.

Ina son mahaifina, ina kuma jin tsoron Allah a kan tsofaffin nan. In yi shiru har Baba ya cika, ina zaune kamar mai jiran mutuwarsa? Ko in tashi in karanta musu a girmama uba, da muryar da ubana ya roƙe ni in mayar masa? Ku gaya mini, yau Alhamis.