Ni na sayi motar, Yaya ya zauna a baya

Assalamu alaikum jama'ar wannan gurup. Admin, a sakaya sunana, ko da yake wanda ya girma tsakanin Funtuwa da Malumfashi yana iya canka, to in ya canka ya bar shi a cikinsa. Don Allah ku ba ni shawara. Ni ba yaro ba ne, na haura tamanin, sai na kawo waya har hanci nake ganin rubutu, saboda haka in magana ta yi tsawo ku yi haƙuri, tsoho in ya fara zance birkinsa ba ya kamawa. Kullum ina karanta musunku a kan motocin Japan, wannan ya ce ba sa mutuwa, wancan ya ce yabon ya yi yawa. Ni na riga iyayen wasunku shiga motar Japan, kuma wallahi ba ta taɓa ba ni kunya ba. Mutane ne suka ba ni.

A ƙarshen shekarun sittin, ana tsakiyar yaƙin basasa, ina saurayi ina noman auduga a wajen Gozaki, ina kuma bin ƙauyuka ina saye ina kaiwa injin gurza a Funtuwa. Allah ya sa wa abin albarka shekaru a jere, ban da mata, ban da shaye-shaye, abincina a gidanmu. A lokacin akwai wani Alhaji Bayarabe mai sayar da yadi a Funtuwa, ya taho da wata 'yar mota ruwan toka daga Ikko, ya hau ta kamar shekara, sai ya so ya sayar zai koma gida. Ba wanda ya taya. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba, a zamanin nan in aka ce abu na Japan ne, to an zage shi ke nan, kayan wasan yara da tocila mai kwana biyu. Mota ita ce ta Ingila ko ta Faransa. Ni kuwa na shiga ya zaga da ni har hanyar Bakori, na ji yadda take tafiya shiru, na ce ko duniya za ta yi mini dariya sai na saye ta. Da za mu rabu ya dafa bonet ya ce, "Yaro, ka ba ta mai mai kyau, ita kuma ba za ta kwana da kai a daji ba." Shi ya haɗa ni da wanda ya koya mini tuƙi, na yi lasin.

Wanda ya fi kowa yi mini dariya shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, zan ce masa Yaya kamar yadda na saba. Yana da ɗan kanti a Malumfashi a lokacin, mutum ne mai jiki, fari, babbar riga na zama masa, ga iya magana. Ni kuwa siriri ne baƙi, rana ta gama da ni a gona. Da ya ji na saya ya ce na kwashe gumin shekaru na sayo gwangwanin madara, wai iska mai ƙarfi in ta taso sai mun je Matazu nemanta. Ko sisinsa babu a ciki, wannan Allah shi ne shaida.

Motar nan kuwa, ban san yadda zan kwatanta maku ba. Sitiyari a dama yake a lokacin. Sau ɗaya za ka murɗa makulli ta tashi, ko an kwana ana ruwa. Da damina tsakanin Bakori da Malumfashi za ka ga manyan motoci sun kafe a taɓo, ita sai ta lallaɓa ta gefe ta wuce kamar akuya. Masu sayar da kayan gyara da yawa sun bar gari saboda rikici, motocin masu kuɗi suna kan duwatsu ana jiran sifiya daga Kaduna, ni kuwa mai, baƙin mai da ruwa kawai na sani. Bakanikenmu har cewa yake in kowa ya sayi irinta shi sai ya koma noma. Ga daɗin zama, kujerar baya in ka nutse a ciki ko a gargada hularka ba ta gocewa, mahaifiyarmu ta taɓa riƙe ƙwaryar fura daga gida har Danja ba ta zube ba.

To wannan kujerar ta baya ita ta kashe ni. Juma'ar farko da na shigo da motar Malumfashi, na ce bari in ɗauki Yaya mu je masallaci, ya ga gwangwanin da idonsa. A tarbiyyar gidanmu ƙani ba ya zama kafaɗa da kafaɗa da wansa, sai na buɗe masa ƙofar baya don girmamawa, ya tattara rigarsa ya shiga. Muna tsayawa jama'a suka yo caa, amma ba wajena ba, tagar baya suka nufa, Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya. Yaya yana ta amin amin yana miƙa hannu. Wani dattijo ya tambaye shi ina ya samo direba haka mai natsuwa, sai na ji ya ce, "Ai na gida ne." Na ɗauka wasa yake, har na yi dariya. Ban yi lissafin cewa a garinmu ba a taɓa ganin mai mota ya tuƙa kansa ba, mai mota a baya yake zama, wanda ke riƙe da sitiyari yaronsa ne.

Kada ku ce ban yi magana ba, na yi. Na gaya wa mutane tawa ce, suka riƙa kallona da tausayi, wani ma ya ja ni gefe ya ce in bar wannan zancen kada Yaya ya ji ya kore ni. Na sami Yaya, ya ce haba, me ke ciki, shi ai bai taɓa cewa tasa ce ba, mutane ne suka faɗa, kuma bin kowa yana ƙaryatawa zubar da girman gida ne. Na kai wa mahaifinmu ƙara, ya yi mini faɗa sosai, ya ce tun da mota ta shigo gidan nan ake girmama yayanka, har 'yan kasuwar Kano sun fara ba shi kaya, so kake ka tsaya a kasuwa ka tozarta shi? Ya ce in ina neman albarka in bar maganar. Na bari. Daga nan duk inda za shi ni ke kai shi, yana baya yana barcinsa, ga mota ba ta lalacewa balle in samu uzurin hutawa. Sunana na yanka ya ɓace, yara da manya kowa Direba.

Abin da ba zan manta ba shi ne maganar Danja. Akwai yarinyar da nake so a can, ita ma tana so na, ta san gaskiyar motar don na gaya mata. Aka tura manya neman aure, Yaya na cikinsu, ni na kai su na tsaya a waje ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa ina jira. Uban yarinyar ya ce shi ba shi da ƙi da gidanmu, amma ba ya ba direba 'yarsa, mutumin da kullum yana hanya kuma cinsa na hannun wani. Kalma ɗaya Yaya zai faɗa a gama. Baffanmu da ke wurin ya gaya mini daga baya cewa ya zuba wa Yaya ido yana jira, sai Yaya ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Suka fito, na buɗe masa ƙofa, na tuƙo su gida. Tun kafin mu kai Bakori ya fara minshari. Na yi aure daga baya, matata mutuniyar kirki ce Allah ya ji ƙanta, amma wannan tafiyar har yau ba ta bar raina ba.

Da auduga ta karye na nemi abin yi, duk inda na je sai a ce ai kai direba ne, akwai motar da ke neman hannu. Haka na zama direban gaske, na tuƙa manyan motoci har ƙarfina ya ƙare. Shi kuwa Yaya ya bunƙasa, ya je Makka, ya sayi motoci nasa na kansa. Tawa da ta tsufa na ajiye ta a rumfar gidanmu na gado, ba don ta mutu ba, taya ce ta gagare ni. Da aka raba gado gidan ya faɗa hannunsa, motar na ciki, ban taɓa zuwa ɗauka ba don ba ni da inda zan sa ta.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Babban ɗan Yaya ya yi kuɗi, zai buɗe wurin sayar da motoci a Funtuwa, kuma ɗana na biyu a ƙarƙashinsa yake aiki, da albashin nan yake riƙe da iyalinsa har da ni. Ya sa an jawo motar nan, an yi mata fenti, an sa taya da batir, bakanike ya wanke mata ciki, wai ba ta ba su wahala ba ta tashi. Ya zo har gida da fara'arsa ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baffa, ranar buɗewa so nake ka shigo da Alhaji cikin motarsa ta farko, kai a gaba shi a baya kamar da. Za a yi bidiyo, har na sa a ɗinka maka farin yunifom da hula irin na direbobin zamanin." Ya nuna mini fosta a wayarsa, an rubuta motar Japan ta farko da mahaifinsu ya kawo yankin nan saboda hangen nesansa. Hangen nesa, mutumin da ya ce mata gwangwanin madara. Yaron ba shi da laifi, abin da ya taso ya ji ke nan, gani yake karrama ni zai yi.

Na ce to ba zan yi da yaro ba, na shirya na tafi wurin Yaya. Ya haura casa'in, ido ya tafi, amma yana gane murya. Na ce kowa ya ba mu wuri, na zauna kusa da shi na ce duk waɗanda suka san gaskiya sun mutu, saura ni da kai, ka kira ɗanka ka gaya masa wanda ya sayi motar nan, ni ba motar nake so ba. Na yi zaton zai yi fushi, ko ya ce in rufa masa asiri, duk na shirya wa wannan. Sai ya yi murmushi ya kama hannuna, ya fara ba ni labarin yadda ya saye ta. Ya faɗi Alhaji Bayarabe, ya faɗi zagayen da aka yi da shi har hanyar Bakori, ya faɗi yadda mutumin ya dafa bonet da abin da ya ce, kalma da kalma kamar yadda na ba shi labari da bakina a wancan lokacin. Har ya ce mutane sun yi ta yi masa dariya amma ya daure. Na dube shi da kyau, na san fuskar Yaya in yana ƙarya, wannan ba ita ba ce. Ya faɗa ya faɗa har ya zama gaskiya a wurinsa. Daga nan ya fara hawaye, ya ce a duk direbobin da ya yi bai taɓa samun mai amana irina ba, Allah ya yi mini albarka. Na ce amin, na tashi na fito.

Babbar 'yata ta ce in je taron, in an ba ni lasifika in faɗi komai a gaban kowa. Ɗana da ke aiki a can bai ce kada in yi ba, amma tun ranar ba ya iya haɗa ido da ni, na san abin da yake tsoro. Kuma in na faɗa wa zai yarda? Ba ni da shaida ko ɗaya, za a ce tsufa ne ko hassada, tsohon direba ya ga mota ta yi kyau ya ce tasa ce, wanda zan ƙaryata kuma ba zai ma fahimci abin da nake nufi ba. In na ce ba ni da lafiya na ƙi zuwa, za su sa wani ya tuƙa, fosta tana nan yadda take. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina, na je na gan ta a gareji, na zauna a kujerata na kama sitiyarin, wallahi sai na ji ina son in ja ta ko sau ɗaya kafin in mutu.

Na yi shiru don mahaifina, na yi shiru don zumunci, yanzu ana so in yi shiru a gaban kyamara, kuma bidiyon nan zai fi ni daɗewa a duniya, shi jikokina za su nuna wa 'ya'yansu su ce ga kakanku. Tela ya aiko zai zo gwada ni ranar Asabar. Jama'a ku dubi Allah ku gaya mini, in ya zo in miƙe tsaye ya auna ni, ko in ce masa mai motar ba ya sa yunifom?